Sarƙar taimin da famfon ruwa a Nissan 350Z

Mai350Z: Salam 'yan uwa. Tawa ta 2004 ce, da safe in na tayar sai inji ya yi ƙarar karrr na 'yan daƙiƙu sannan ya lafa, ga ruwan lagireto yana raguwa kullum. Makanikina ya ce a canza sarƙa da famfon ruwa gaba ɗaya, ni kuma kuɗin ne ya tsorata ni wallahi. Dole ne?

TsohonGareji: Wa'alaikumussalam ɗan uwa. Injin VQ35DE ne, sarƙar taimin ɗin, wato mai daidaita lokacin buɗewa da rufewar bawul na inji, ita ce ke juya famfon, yana can cikin murfin gaba, to tunda za a buɗe gara a gama lokaci ɗaya, har da tenshina (abin da ke riƙe sarƙa ta yi tauri) da robobin da sarƙa ke bi, yawanci su ne ke wannan ƙarar. Sarƙa uku ce fa, babba ɗaya ƙanana biyu.

BabanYara: Zaro sandar baƙin mai ka duba tukuna, in ya koma kamar shayi da madara to ruwa ya shiga mai, kar ka sake tayar da ita. Ni famfon Beljiyam aka sa min, wata biyu ya fara yoyo, sayi sabo don Allah.

Mai350Z: Na duba, mai lafiya lau. Na gode Oga, Asabar zan kai ta.