Ƙanwata ba gantali take yi ba

Yayar mai hoto, Marwa: Jama'a, raina a ɓace yake. Shekara tara ƙanwata tana ɗaukar hoton labarai a nan arewacin Kamaru, ta je sansanin 'yan gudun hijira na Minawao, ta je Kolofata. A ambaliyar 2024 kwana huɗu ta yi a Yagwa, ruwa har ƙugu, kyamara ƙunshe cikin leda a ka. Ta dawo tafin ƙafarta ya yi fari fat, duk ya tsage. Wata jarida ta buga hoton da ta ɗauka na tsohuwa rungume da akuya cikin kwale-kwale, babu sunanta, ko dala ba su ba ta ba. Jiya kuma a gidan suna kawunmu ya ce gantali take. Wallahi jaruma ce.

Malam na Dumayo: Hajiya, Allah ya huci zuciyarki, amma jaruma ta yi yawa. Jarumai su ne sojojin da ke kwana a Fotokol, can bakin iyakar Najeriya.

Ɗan Garwa: Mu dai jaruma a fim muka santa.

Anti Kusiri: Kai yaro, kama bakinka. Camille Lepage 'yar Faransa shekararta 26 aka kashe ta a Afirka ta Tsakiya a 2014, kyamara ce makaminta. Fim take yi?

Malam na Dumayo: Anti, wanda aka tura daban, wanda ya kai kansa daban.

Anti Kusiri: To Fati Abubakar, mai hoton nan da ta nuna wa duniya Barno fa, wa ya tura ta?

Ɗan Garwa: Kullum sai kun tsallaka Najeriya ɗauko misali. Mu ba mu da mutane?

Baba Direba: Ku 'yan Garwa me kuka sani? Bom ya tashi a Marwa a Yulin 2015 kuna bakin Binuwai kuna cin kifi.

Ɗan Garwa: Baba, da girmanka? 'Yan'uwanmu nawa ne a Marwa?

Baba Direba: Ni na yi jigilar masu rauni, ba labari aka ba ni ba.

Malam na Dumayo: Tunda ni na buɗe zauren nan, bari in taƙaita. Kowa ya yarda yarinyar tana ƙoƙari, kuma yawancinmu mun tsaya a kan jarumta ta masu kaki ce. A bar maganar Garwa.

Anti Kusiri: Yawancin su wa, Malam? Kai kaɗai ka faɗa.

Yayar mai hoto: Ni dai kuɗin hotonta nake tambaya. Wa ya san lauya a Marwa?