Me ya kai alhazan Masar Aizab, kuma me ya raba su da ita?

Ɗan Maiwurno:
Assalamu alaikum malamai. Alhazan Masar da Magrib sun daɗe suna biyowa ta Aizab, tashar nan ta bakin Bahar Maliya wajen Halayib, alhali ga hanyar Sina'i ta ƙasa. 'Yan Salibiyya ne suka tare musu hanya? Kuma me ya haɗa wannan da yaƙin Baibars, sarkin Masar, da ƙasar Nuba ta kudancin Masar?

Malamin Gadarif:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Suna da hannu, amma ba su suka fara ba. Tun tsakiyar ƙarni na 11, zamanin fari da yunwar da aka yi a Masar a mulkin Fatimiyyawa, ayari ya karkata kudu. Da Faranjawa, wato 'yan Salibiyyar, suka gina ganuwar Shaubak a 1115, daga baya ta Karak, duka a ƙasar Jordan ta yau, sai hanyar Aƙaba ta ƙara zama abin tsoro. Ko Aizab ɗin ba ta tsira ba: a 1183 mutanen Arnaɗ, sarkin Karak, suka kai mata hari da jiragen da aka ɗauko gunduwa-gunduwa a kan raƙuma aka harhaɗa a bakin teku. Husamuddin Lu'lu'u, kwamandan jiragen ruwan Salahuddin, ne ya fatattake su.

Tafiyar kashi uku ce. Jirgi daga Alƙahira zuwa Ƙus a kogin Nilu, kwana 18 a tafiyar Ibnu Jubair, matafiyi ɗan Andalus. Sai raƙumi daga Ƙus zuwa Aizab, kusan mako 3 daga rijiya zuwa rijiya. Sannan ƙetare teku zuwa Jidda.

Alhaji na Bur Sudan:
Allah ya gafarta Malam, wahalar duk tana kashi na ukun. Jirgin ana ce masa jalba, kuma ba ƙusa ko ɗaya a jikinsa. Ɗinke katakan ake yi da igiyar ɓawon kwakwa, a cusa zaren dabino a tsagar, a shafe da man shanu, man zurma ko man kifin shak, wanda ya fi duka. Dalili kuwa, tekun cike yake da duwatsun murjani. Jirgi mai ɗinki yana lanƙwasawa in ya gogi dutse, ba ya darewa nan take. Matsalar ita ce lodi. Masu jirgi na son fanshe kuɗinsu a sawu ɗaya, sai su danna mutane kamar kaji a akurki. A dawowa kuma iska kan jefa jirgin kudu da tasha, inda alhaji zai koma hannun ƙabilar Baja masu raƙuma, ga ƙishirwa. Aizab kanta ba ta noma komai, har ruwan sha kawo shi ake yi. Ga harajin dinari 7 da rabi a kan kowane mutum, kafin Salahuddin ya soke shi.

Malamin Gadarif:
Haka ne Alhaji. Shi ya sa da Baibars ya gyara hanyar Sina'i wajen 1266, ya kuma yi hajji da kansa a 1269, alhazai ba su jira lallashi ba. Fataken barkono ne suka ci gaba da riƙe tashar.

Zancen Nuba kuwa, sarki Dawud na Dungula, babban birnin Nuba, ya afka wa Aizab a 1272, ya kai wa Aswan hari a 1275. A 1276 Baibars ya turo runduna, aka karya Dawud kusa da Dungula, aka naɗa ɗan'uwansa Shakanda bisa rantsuwar biyayya da jizya. Wasu na ƙulla harin Dawud da zaman Yarima Edward na Ingila, jagoran 'yan Salibiyya, a birninsu na Akka a 1271 zuwa 1272. Ni ban ɗauki wannan da nauyi ba, haɗuwar lokaci ba hujjar ƙawance ba ce. Kuɗin fatauci ya isa dalili.

Ɗan Maiwurno:
Na gode malamai. To Ƙalawun fa, sarkin Masar na bayan Baibars, shi ma ya shiga Nuba?

Alhaji na Bur Sudan:
Sau biyu ya tura, a ƙarshen shekarun 1280, kan sarki Shamamun. Duk zuwa sai Shamamun ya ja kudu, rundunar ta naɗa wani ta juya, shi kuma ya dawo ya karɓe sarautarsa. Ƙalawun ya rasu a 1290 yana shirin yaƙar Akka, ɗansa Ashraf Halil ya ci ta a Mayun 1291.