Kurɓin Da Ba Wanda Zai Gani

Ɗan Zazzau:
Assalamu alaikum, barkanmu da shan ruwa. Goma na marmari sun wuce, yau mun shiga goma na wuya. Ga nawa, amsa-amon "ba" ne, mai amsawa ya riƙe shi.

Da azahar na tsuguna alwala,
Rana na dukan ƙeya, ba ta sassauta ba.
Na kai ruwan randa baki na kurkure,
Sanyinsa ya ratsa ni, ban haɗiye ba.
Gida ba kowa, ƙofa a rufe,
Da na kurɓa, wani ba zai sani ba.
Wa ya riƙe mini maƙogwaro?
Ku warware min, ni ban gane ba.

Hajiya Mai Ƙosai:
Ɗana, amsar tana cikin tambayarka,
Mai kallonka bai taɓa gyangyaɗi ba.
Salla a sahu ake yi, kowa na gani,
Zakka kuwa, mai karɓa ba zai manta ba.
Azumi, Ubangiji Ya ce nasa ne,
Shi zai saka, bai faɗi adadi ba.
Ni tun la'asar nake bakin kasko,
Ƙamshi na ta hawa, ban ɗanɗana ba.

Alaramma:
Madalla, Hajiya. Bari in ɗora.

Shekara ta 2 bayan hijira aka wajabta shi,
Baƙara, aya ta 183, ba ta ɓoye dalili ba.
Taƙawa aka ce za a samu,
Ba a ce rama ko bushewar leɓe ba.
Ranar 17 ga watan aka gwabza Badar,
Mutum 313, ba su ja da baya ba.
Mu ko da hantsi mun miƙe a tabarma,
Sai kiran magariba, ba mu ko motsa ba.

Mai Adaidaita:
Allah gafarta Malam, ni ba na tabarma ba ne, a titi nake wuni. Kuma akwai maganar da ke damuna.

Kullum wa'azi, wai don a ji yunwar talaka,
To ga talakan, ban ga sabon abu ba.
Yunwa ta san ɗakina tun Rajab,
Ba ta taɓa jiran ganin wata ba.
Mai kuɗi ya sha ruwa da kaji da kankana,
Ni kunun tsamiya, shi ma da ƙyar.

Ɗan Zazzau:
Kai ɗan uwa, ka yar da amsa-amo a baitin ƙarshe!

Mai Adaidaita:
Ƙishirwa ce ta cinye shi, a yi haƙuri.

Alaramma:
An yafe. Tambayarka ta fi baitin nauyi.

Yunwar Rajab ita ta zo ta same ka,
Ba ka ɗaura mata niyya da dare ba.
Ta Ramadan kai ka tashi sahur dominta,
Ka miƙa ta ga Wanda bai taɓa cin bashi ba.
Ƙofar Rayyanu ta masu azumi ce,
Ba a tambayar me ka sha ruwa da shi ba.
Mai kajin in bai leƙa maƙwabcinsa ba,
Ya ji yunwar, bai karanta wasiƙar ba.

Hajiya Mai Ƙosai:
Ciki mai sauƙi ne, harshe ne ɗan banza,
Layin ƙosaina bai taɓa rasa gulma ba.
Baki a bushe, ana cin naman mutane,
An bar tuwo, ba a bar wannan ba.
Manzo ya ce wanda bai bar ƙarya ba,
Allah bai buƙaci barin cinsa da shansa ba.

Mai Adaidaita:
Hajiya kin taɓo ni. Jiya wajen Ƙofar Mata,
Fasinja ya zage ni kan canji, bai rage ba.
Amsa ta taso har ta iso haƙori,
Na ce "ina azumi", ban ƙara ba.
Wallahi ta fi ruwan randa wuyar riƙewa,
Har na kai gida zuciya ba ta huce ba.

Hajiya Mai Ƙosai:
To gobe ka biyo kafin magariba, akwai ƙullin ƙosanka, kada ka zo da kuɗi. Ni na tafi, an tayar da asham.