Neman kalma: yaɗuwa, yawaita ko hayayyafar makaman nukiliya?

Mai Tafinta: Salamu alaikum malamai. Akwai shirin rediyo da za a naɗa gobe kafin azahar, kan yarjejeniyar makaman nukiliya ta 1968. Kalmomi uku sun tsaya mini a wuya: non-proliferation, disarmament da enrichment. Ta farkon ce ciwon kai. An saba da "hana yaɗuwar makaman nukiliya", to amma baƙon da zan fassara ya raba abin gida biyu cikin jimla ɗaya: ƙasar da ba ta da bam ta samu, da kuma mai shi ta ƙara tara nata. "Yaɗuwa" ta ɗauki na farko ta bar na biyu a ƙasa. A agaza.

Tsohon Edita: Wa alaikumus salam. Bar "yaɗuwa" inda take a sunan yarjejeniyar, don iyakar aikinta ke nan. Sashe na 1 ya ce masu makamin ba za su miƙa wa kowa ba, ba za su taya kowa ƙerawa ba. Sashe na 2 ya ce marasa shi ba za su karɓa ba, ba za su ƙera ba. Babu inda aka rubuta adadin da Amurka ko Rasha za ta tsaya a kai. Masu shi ɗin ma an yanke musu rana: wanda ya ƙera kuma ya tayar da shi kafin 1 ga Janairu 1967, wato Amurka, Rasha, Birtaniya, Faransa da Sin. Na biyun, wato mai shi ya ƙara tara nasa, ka ce "yawaita". Yaɗuwa zuwa sababbin hannuwa, yawaita a hannu guda. Ƙayyade adadi aikin wasu takardun ne, kamar wadda Amurka da Rasha suka sa wa hannu a 2010, wadda ta ce kada kawunan bam da kowacce ta girke su wuce 1,550.

Malam na Gidaɗawa: Edita, ranka shi daɗe, kalma biyu ga abu guda rauni na. Wagga kalma ta Bature, proliferation, asalinta Latin ta, daga haihuwar zuri'a anka samo ta. Mu ko muna da ita cif: hayayyafa. Tumaki in sunka hayayyafa, garke shi cika, har a ba maƙwabta kiwo. Ga yawaita, ga yaɗuwa, duk cikin baki guda. A ce "yarjejeniyar hana hayayyafar makamai". Kuma ita "nukiliya" ɗin wa ya haife ta? Muna da ƙwayar zarra, ko yaron makarantar allo ya san misƙala zarratin.

Malamar Kimiyya: Malam, a gafarce ni, zarra ita ce ƙwayar gaba ɗaya, nukiliya kuwa cibiyarta ce, kuma cibiyar ake fasawa. Hayayyafa tana da matsala biyu. Abin da ke hayayyafa da kansa yake yi, bam kuwa sai gwamnati ta ware kuɗi ta gina masana'anta. Sannan akwai irin tukunyar nukiliya da ke samar da makamashin da ya fi wanda ta ci, tana mayar da yuraniyom 238 ya koma fulutoniyom, wanda shi ma makamashin nukiliya ne. Wannan ita ce mai hayayyafa ta gaske. In muka kashe kalmar a nan, me za mu kira waccan?

Ni dai enrichment ta fi damuna, don a nan ake yin ɓarna kullum. Ana cewa "tace yuraniyom". Tacewa ita ce abin da ake yi a Arlit, garin haƙar yuraniyom na Nijar: a haƙo dutse, a niƙa, a jiƙa da asid, a fitar da garin nan da ake durawa a ganguna. Bayan duk wannan, nau'in yuraniyom 235, wanda shi ne ke fashewa, yana nan a kashi 0.7 cikin 100, bai motsa ba. Ƙara masa ƙarfi wani aiki ne dabam. Sai an mayar da garin iskar gas, a zuba cikin bututun da ke juyawa da matsanancin gudu, mai nauyin 238 ya manne da bango, mai sauƙin 235 ya fi taruwa a tsakiya. Bututu ɗaya ɗan kaɗan yake rabawa, shi ya sa ake jera su ɗaruruwa, wannan na miƙa wa wancan. Tashar lantarki tana bukatar kashi 3 zuwa 5. Daga kashi 20 an shiga aji mai haɗari. Na bam wajen kashi 90. Kuma mafi yawan wahalar tana can ƙasa: wanda ya kai 20 ya riga ya ci mafi yawan tafiyar zuwa 90. Dalilin da ya sa yarjejeniyar Iran ta 2015 ta tsayar da ita a kashi 3.67 da ajiyar kilo 300 ke nan, kuma dalilin da ya sa aka yi ca da ta fara kashi 60 a 2021.

Ɗan Illela: Malama ta yi gaskiya. Rediyon Sakkwato ana jin shi Ƙonni har gaba. Ka ce "an hana Iran tace yuraniyom", mutumin Tawa shi ce to mu da ad da Arlit shekara da shekaru muna tacewa, mi anka yi muna? Ka haɗa mai rigimar da babu ita.

Mai Tafinta: To me zan ce? "Inganta" na gani a rubuce-rubuce.

Malamar Kimiyya: "Inganta" tana sa mai sauraro ya ji kamar gyara ake yi, abin alheri. Na fi son "ƙara ƙarfin yuraniyom". Kowacce ka ɗauka, kada ka sake ta ba adadi. Misali na gida: tukunyar bincike ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya ta fara aiki a 2004 da yuraniyom mai wajen kashi 90, a 2018 aka canza mata da mai kashi 13, aka mayar da tsohon Sin. Adadin ne labarin.

Malam na Gidaɗawa: Kun tsallake maganata. "Yaɗuwa" ai ta cuta ta, ƙyanda ka yaɗuwa, sanƙarau ka yaɗuwa. Abin da ad da akwai, kowace kalma sai ta fito Kano ko ta biyo rediyon Landan kana ta zama Hausa. Da wani can yaf fara cewa hayayyafa, da yanzu kowa na rantsuwa da ita. Garin da anka rubuta littattafan mulki da na siyasa tun Bature bai san hanyar Kwara ba, shi za a koya ma kalma?

Tsohon Edita: Malam, ba wanda ya taɓa martabar Sakkwato. Amma kamanta abin da annoba ai riba ce, haka masu yarjejeniyar suke kallon sa. Kuma ka gwada faɗin "hana hayayyafa" da ƙarfi a rumfar mai shayi, ka ga ko ba za a ɗauka shirin tazarar haihuwa ba ne. Kafin ka gyara an kashe rediyo. Larabcin ma da kake taƙama da shi intishar ya ce, bazuwa ke nan.

Malam na Gidaɗawa: Larabawa ma fassara sunka yi, ba wahayi anka yi musu ba.

Ɗan Illela: To Malam, ni "bazuwa" ta fi zama min ga baki, amma in munka buɗe wanga babi Tafinta ba shi kwana.

Tsohon Edita: Mu koma kan aiki. Disarmament ba gardama, "kwance ɗamara". Kada ka ce "ajiye makamai", don a yankin nan kunne ya saba jin ta a zancen sulhu da 'yan bindiga, kuma wanda ya ajiye yana iya ɗauka. Afirka ta Kudu ta kwance: bama-bamai shida ta ƙera, ta wargaza su, ta shiga yarjejeniyar a 1991. Tarkon yana Sashe na 6. Bai ce manyan za su kwance ba, cewa ya yi za a yi shawarwari da kyakkyawar niyya kan kwancewa, ba rana ba wata. In ka fassara "sun yi alkawarin lalata makamansu" ka ba su abin da ba su faɗa ba. Gajiya da wannan jiran ce ta haifar da yarjejeniyar haramta makamin ɗungurungum ta 2017, wadda ta fara aiki a Janairun 2021, ba ko ɗaya daga masu bam a cikinta. Don haka "hana yaɗuwa" dabam, "haramtawa" dabam, kar su cakuɗe maka.

Sai "makaman ƙare dangi". Tana da daɗin faɗi, amma ta haɗa da masu guba da na ƙwayoyin cuta, kowanne da tasa yarjejeniyar. In nukiliya kake nufi, ka ce nukiliya.

Malamar Kimiyya: Ka kuma kula da fi'ili. Indiya, Pakistan da Isra'ila ba su taɓa shiga ba, saboda haka ba a cewa sun "karya". Koriya ta Arewa ta shiga, ta sanar da ficewa a 2003. In baƙon ya taɓo Afirka, yarjejeniyar Pelindaba ce, wadda ta haramta makaman nukiliya a nahiyar, an sa hannu a Alƙahira a 1996, ta fara aiki a 2009. Dattawa cikin masu sauraro za su tuna gwajin Faransa a Saharar Aljeriya a 1960, wanda ya sa Nijeriya ta yanke hulɗa da ita a 1961.

Mai Tafinta: Allah ya saka da alheri. Ga abin da na rubuta: "Yarjejeniyar ta hana yaɗuwar makaman nukiliya zuwa ƙasashen da ba su da su, amma ba ta hana yawaitarsu a hannun ƙasashe biyar da suka riga suka mallaka ba." Na ɗauki kwance ɗamara. Na ɗauki "ƙara ƙarfin yuraniyom", sai dai a karon farko zan haɗa da "inganta" don waɗanda suka saba.

Malam na Gidaɗawa: Jimlar ba ta da laifi, tsawo dai gare ta. Kalma ashirin da wani abu inda guda ta isa. Ku tafi da ita gobe, amma hayayyafa ban janye ta ba.

Mai Tafinta: Na gode Malam. Yanzu na ga wata a shafi na uku, deterrence. Na sa "tsoratarwa" da fensir.

Malamar Kimiyya: Goge. Tsoratarwa ɓangare ɗaya ke yi, nan kuwa kowa na tsoron ramuwar ɗan'uwansa.

Ɗan Illela: Kar ta san kar.

Tsohon Edita: A hira ta zauna, a labarai ba ta zauna ba. Turo jimlar gaba ɗaya mu gani.