system() ya wadatar a Vim, ko sai an haɗa da job_start()?

Malam: Ni dai ina nan kan bakana. Duk wata manhaja da kake son kira daga cikin Vim, wato manhajar gyaran rubutu, system() ya ishe ka. Misali, in kana son sunan reshen da kake kai a git, manhajar da ke adana tarihin canje-canjen fayiloli, ka rubuta let reshe = system('git branch --show-current'), amsar ta faɗo hannunka, ka duba v:shell_error, in sifili ne to aiki ya yi. Da system() muka yi ta aiki shekara da shekaru kafin Bram Moolenaar, mai ƙirƙirar Vim, ya fitar da Vim 8.0 a 2016 da su job_start(), mai gudanar da aiki a bayan fage ba tare da Vim ya tsaya jira ba.

Ɗalibi: Allah gafarta Malam, ai wannan layin ne ya ba ni wahala. Na sa shi a statusline, layin bayani na ƙasan allo, don in riƙa ganin reshen da nake kai. Ashe duk sanda Vim zai sake zana layin sai ya kira git. Ina danna j don sauka layi, alamar rubutu na jan ƙafa da ƙyar. Da na buɗe fayil a wajen ma'ajiyar git kuwa, sai ga "fatal: not a git repository" zaune a ƙasan allo, don saƙon kuskure da amsa tare suke zuwa.

Malam: Wannan ba laifin system() ba ne, ɗana. Ka kira shi sau ɗaya da autocmd BufEnter, wato umarnin da ke gudana da kansa in ka shiga fayil, ka ajiye a b:reshe, statusline ya riƙa karantawa daga nan. Ka kuma sa trim(), in ba haka ba za ka ga ^@ a wutsiyar sunan.

Yaya: Malam, na yarda da kai a kan git. To aikin da ke cin daƙiƙa arba'in fa? Ina kiran make, mai harhaɗa manhaja, da system(), Vim ya ƙame, ba rubutu ba karatu, sai dai in danna Ctrl-C in kashe aikin gaba ɗaya. Da job_start() kuwa, out_cb na miƙo min layi-layi ina ci gaba da gyarana, err_cb na tara kurakurai daban.

Malam: Kina ci gaba da gyara, nan matsalar take. Amsa ta dawo kin riga kin koma wani fayil, append() ya zuba ta inda ba a so. Dole ki riƙe bufnr, lambar da Vim ya ba fayil ɗin, tun farko ki yi amfani da appendbufline(). Layi biyu sun zama goma sha biyar.

Yaya: Na gwammace goma sha biyar ɗin. Kuma in ka ba job_start() jerin kalmomi, ba ya bi ta shell, wato manhajar da ke fassara layin umarni. Fayil mai suna "rahoton wata.txt" zai isa yadda yake. A system() kuwa, ka manta shellescape() sau ɗaya, sunan ya rabe gida biyu.

Ɗalibi: To Yaya, ni da nake amfani da Neovim, wanda aka samo daga Vim, fa? Na ga system() ɗinsa ma na karɓar jeri.

Yaya: Yana karɓa, ƙanena, amma ƙamewar na nan. Tun Neovim 0.10 akwai vim.system() a yaren shirye-shirye na Lua: ka ba shi aikin da zai kira in ya gama, ko ka sa :wait() ya jira irin na Malam.

Malam: Ka ji ko? Su ma ba su yar da jiran ba. Turo min statusline ɗin naka in duba autocmd ɗin.