Kwanson .40 ya yi ciki: in sake ɗurawa ko in zubar?

Na Hustan: Salamu alaikum 'yan uwa. Na tsinto kwanson harsashi kusan 600 na .40 (girman harsashin ƙaramar bindiga) a filin gwajin harbi. Da na wanke, sai na ga da yawa sun kumbura ta gefe ɗaya, can ƙasa kusa da gindi. Wasu ko bayan matse su don su koma girmansu ba sa faɗawa cikin ma'aunin gwada kwanso. In sayi ƙarfen da ake tura kwanso ta cikinsa ya miƙe, ko in watsar?

Baban Yara: Rage albarushi, ka cika shi da yawa.

Na Hustan: Baba, ai ban ɗura komai ba tukuna. Tsinta na yi.

Injiniya: Duba inda kumburin yake. In a sama ne, daidai inda gindin dalma (kan harsashin) ya tsaya, ko dai ta zauna a karkace ko matsewa ce ta sa. In ya shiga ma'auni ba komai. Naka na ƙasa daga bindigar da ta harba shi ne. Wasu bindigogin mazaunin harsashinsu bai rufe kwanson ba ta wajen gangaren da harsashi ke hawa, ga .40 ƙarfinta har 35,000 psi (ma'aunin matsi).

Ɗan Kolombos: Ni na miƙar da irinsu, na yi ta murna na ci riba. A ɗuri na uku ɗaya ya tsage a gindin. Magazin (gidan harsasai) ta fice ƙasa, hannuna ya yi baƙi, kwana huɗu ban iya riƙe sitiyari ba. Kuɗin asibiti kuwa a bar kaza cikin gashinta. Uwargida ta kai injin ɗurin gareji ta lulluɓe da bargo, har yau yana can. Miƙewar ta ido ce kawai, tagullar ta riga ta yi siriri a wurin.

Baban Yara: Allah ya kiyaye gaba. Amma shekara 15 ina yi da ƙarfen miƙarwa na kamfanin Lee, dala 20 na saya, ko ƙwarzane.

Injiniya: Nawa na kamfanin Redding ya haura dala 90. Kuma Lee da kansu sun gargaɗi mutane kan irin wannan kwanson.

Baban Yara: Mu da muka yi da hannu, ku da kuka karanta a takarda.

Bakano: Kwanso mai ciki ai sai a jira wata tara a sha suna.

Ɗan Kolombos: Ka yi dariya, ba hannunka ba ne.

Bakano: Afuwan Yaya. Ni firaima (abin da ke kunna albarushi a gindin kwanso) ce ma ta hana ni ɗuri. Kafin 2020 dubu ɗaya wajen dala 30, a 2021 na biya sama da 100, ga kuɗin jigilar kaya masu haɗari a kai.

Baban Yara: Wallahi! Kuma suka ce kwali biyu kacal ga mutum ɗaya.

Na Hustan: To, kwansona fa?