Fitilun sabuwar rauta sun kama amma babu intanet

Baban Khalifa: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Masu faiba, wato kamfanin intanet na wayar haske, sun ja waya har falo, sun kafa ɗan akwatinsu, suka ce shi ba ya ba da waifai, sai na sayo rauta, na'urar da ke raba waifai a gida. Na sayo TP-Link a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano na jona. Fitilu sun kama, wayata ta ga sunanta, amma ko WhatsApp ba ya buɗewa. Ina matsalar take?

Injiniya: Wa alaikumus salam. Alhaji, juya bayanta. Akwai ramuka masu launi ɗaya da aka rubuta LAN, da guda ɗaya daban, yawanci shuɗi, mai WAN. Wayar da ta fito daga akwatin faiba a WAN take shiga.

Baban Khalifa: A shuɗin take, Injiniya.

Injiniya: To saura izini. Irin wannan akwatin haske kawai yake mayarwa sigina, rautar ce za ta gabatar da kanta ga kamfani. Duba takardar da suka bar maka, ko saƙon tes, za ka ga suna da kalmar sirri na PPPoE, hanyar da rauta ke shiga layin kamfani. Jona wayarka da waifan rautar, ka buɗe Chrome ka rubuta 192.168.0.1 ko tplinkwifi.net. A wurin zaɓen irin haɗin intanet ka ɗauki PPPoE, ka kwafe su harafi da harafi. Babban baƙi da ƙarami ba ɗaya ba ne a wurinta. In babu a takardar, kira su, hakkinka ne su ba ka.

Malam na Zariya: Ƙari a kan na Injiniya, don masu karantawa daga baya. Wanda akwatin kamfaninsa yake ba da waifai da kansa, ba ruwansa da PPPoE. Ya mayar da sabuwar rautar Access Point a saiti, wato mai watsa waifai kawai, in ba haka ba su biyun za su riƙa rabon adireshi a gida ɗaya, kyamarar tsaro da wasannin yara su yi ta gardama.

Ɗan Auta: Ni dai da rauta mai layin MTN ko Airtel kuka saya, Baba. Ka sa sim, ka kunna, shi ke nan.

Maman Ummi: Auta, mutum ya riga ya biya kuɗin jan waya, yanzu kake kawo wannan? Alhaji, ni shawarata a kan mazauninta ce. Kada a tura ta bayan talabijin ko cikin kabad don kwalliyar falo. Ginin bulo da siminti yana cin sigina, ƙofar ƙarfe ta fi shi ci. A ɗaga ta sama, a wurin da ya fi kusa da tsakiyar gida, inda iska ke ratsawa. Zafin Afrilu yana sa ta riƙa ɗaukewa, ƙurar hunturu kuma tana toshe mata ƙofofin shan iska, sai ana gogewa.

Baban Khalifa: Alhamdulillahi, ya kawo! Sunan da kalmar sirrin suna bayan rasit ashe. Amma sunayen waifai biyu nake gani, ɗaya da 5G a ƙarshe. Wanne zan shiga?

Injiniya: Wannan ba 5G na kamfanonin waya ba ne, 5GHz ne. Ya fi gudu amma ba ya jure bango, na falo ne da ɗakin da ke kusa. Ɗaya sunan, 2.4GHz, shi ke kai wa ɗakunan ciki da tsakar gida. In maƙwabta sun cika da rauta har 2.4 ɗin yana jan ƙafa, shiga saiti ka gwada tasha ta 1, 6 ko 11, su ne ba sa hawa kan juna.

Maman Ummi: Tun yau a canza kalmar sirri, Alhaji, ba ta waifai kaɗai ba, har ta shiga saitin. Wadda ke manne a ƙarƙashin rautar duk yaron da ya ɗaga ta ya gani. Kuma yaran yanzu ba sa tambaya, QR na waifan suke nuna wa juna a waya, kafin Juma'a samarin layi sun jeru a dakalin ƙofar gidanka. Buɗe Guest Network don baƙi da masu zuwa zaure, in ya yi yawa ka canza tasa kalmar ba tare da ka taɓa wayoyin iyali ba.

Malam na Zariya: A tsaro ka zaɓi WPA2, ko WPA3 in akwai, ka kashe WPS, hanyar jonawa ba tare da rubuta kalmar sirri ba. Maɓallin Reset kuwa kada a bar yara su tsokane shi, komai zai goge har PPPoE ɗin. Rubuta sunan da kalmar sirrin a littafi.

Baban Khalifa: Na gode Hajiya, na gode Malam. Saura wuta, ba ni da inbata.

Ɗan Auta: Nan kam fannina ne, Baba. Ƙaramin UPS na rauta, mai batir a ciki, yana riƙe ta awanni. Amma ka sayi mai baki biyu, don in akwatin faiba ya mutu rautar banza ce. Karanta jikin cajar kowannensu tukuna, wata 12V ce wata 9V, in ka ba mai 9 wutar 12 kana iya ƙone ta. Da damina kuma in hadari ya taso da tsawa, a zare su daga soket.

Baban Khalifa: Duka biyun 12V aka rubuta. Gobe in sha Allahu zan koma kasuwa. Auta, turo min hoton irin naka.